Na Cire Fuskar, Na Bar Waƙar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa uwa tana durƙushe, ina fatan wannan ya same ki cikin lafiya, ke da duk waɗanda kike zaune tare da su a Kano.

Kafin komai ina neman afuwarki da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ban manta saƙon da kika bari wajen ƙanwarki Khala Rabi ba, cewa in riƙe karatuna, kada in neme ki. Na riƙe shi duk shekarun nan, yau ne na fara karya shi. Ina ƙara neman afuwa da na rubuta a nan, inda idon mutane yake. Ba ni da lambarki, Khala kuma ta rantse ba za ta ba ni ba, sai dai ta taɓa suɓutar baki ta ce kina leƙa shafin nan nawa lokaci-lokaci. Saboda masu karantawa tare da ke, ba zan kira sunan kowa ba sai inda ya zama dole. Idan kin ga kuskure a Hausata, ki tuna a Jidda aka haife ni, kuma mai gyara mini ta daɗe ba ta nan.

Tambaya ɗaya ce ta kawo ni, kuma babu mai amsa ta sai ke. An ce in faɗi sunan wanda ya tace fim ɗin Baba, za a rubuta shi a jerin sunayen da ke hawa a ƙarshe. Ban sani ba ko in ba da sunanki ko kada in bayar. Ki yi haƙuri in gaya miki yadda aka zo nan, don ba na son ki amsa a kan rabin labari.

A zangon da ya wuce, Ablarmu, wato malamarmu ta Turanci, ta nuna mana finafinai biyu da aka yi a kan mutum ɗaya, wani darakta Bature da ya daɗe da mutuwa, wanda ta ce duk mai karatun silima ya san shi. Dukansu a kan aurensa ne da lokacin da yake haɗa babban aikinsa. A na farko matarsa ce take zama da shi a ɗakin tacewa, ta ce a yanke nan, a bar nan. Ranar da aka nuna aikin, duniya ta tafa masa shi kaɗai, ita tana kujerar baya. A na biyu mutumin mugu ne, yana wahalar da matan da ke fitowa a fim ɗinsa don ya samu hoton da yake so, matar tana gani, tana kawo masa shayi, ba ta cewa komai. Abla ta ce kowacce ta rubuta wanne ya fi kusa da gaskiya.

'Yan ajinmu sun yi ta gardama har aka buga ƙararrawa. Ni ban ɗaga hannu ba, kin san halina. Na miƙa takardata babu komai a kai sai sunana, abin da ban taɓa yi ba tun da na shiga sakandare. Abla ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta tambaya ko lafiya. Ban iya gaya mata ba cewa a gidanmu ma finafinai biyu ake nunawa a kan aure ɗaya, kuma ni kaɗai ce 'yar kallo.

Ina tuna ɗakin nan na baya a gidanmu na Waziriyya, mai na'urar sanyin da take kuka kamar tsohuwar akuya ba ta sanyaya komai. A allon shago sunan Baba ne, amma ko yaro a layinmu ya san yadda aikin ɗaukar biki yake. Baba yana ɗaukar ɓangaren maza, inda ba a yin komai sai shan gahawa da gaisawa. Ke kike shiga ɓangaren mata, inda ake karɓe wayoyi a bakin ƙofa, a cire abaya, a saki gashi, a yi rawa. Abin da kyamararki ta gani a can babu namijin da zai gani, ko da mijinki ne. Shi ya sa ke kike tacewa, ƙofa a kulle. Baba in yana da saƙo sai ya ƙwanƙwasa ya juya baya kafin ki buɗe.

Ni kaɗai kike bari in shiga. Ina zama a ƙasa da littafina, ina satar kallonki kina yanka kina haɗawa. Kina yawan cewa, "Kyamara ba ta da kunya, Nawal, mai riƙe da ita ke ara mata." In wata ta yi rawa har rigarta ta zame, ko wata ta yi hamma a bayan amarya, kafin in ƙifta ido kin cire.

Ina tuna iyayen amare in sun zo karɓar aiki. Ki dafa musu shayi da na'ana'a, su zauna su kalla daga farko har ƙarshe suna ƙorafi. Wata Hajiya ta ce kin mayar da ita ƙatuwa, kika ce, "Hajiya, ni haske nake gyarawa, tumbi kuwa sai a rage cin shinkafar mandi." Ta yi dariya har da hawaye. In sun gama, ki miƙa musu filash ɗinsu, sannan ki juyo da allon kwamfuta gabansu ki goge naki suna kallo. Ki ce, "Kin gani da idonki, halas, an gama." Saboda wannan gogewar mata suke nemanki har daga Makka.

Sai Baba ya ce ya gaji da bukukuwa, zai yi fim.

Labarin wani tsoho ne da ya taso da ƙafa daga ƙasar Hausa zuwa aikin Hajji, ya ratsa Sudan, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda, bai sake komawa ba har ya aurar da jikarsa. Labarin kakan Baba ne, labarin kakan kowa ne a layinmu. 'Yan wasan duk maƙwabta ne: direban babbar mota, mai sayar da dafaffen waken balila, da wasu 'yan mata da iyayensu suka yarda bisa sharaɗin lulluɓi. Ranar Juma'a kawai ake ɗauka. Sauran kwanakin ke kike zama da hotunan a ɗakin baya. Ina aji huɗu na firamare a lokacin, amma na san muryar tsohon nan da duk tarinsa kamar karatun da aka ba ni hadda.

Da aka zo rubuta sunaye, har mai kawo ruwa an sa. Na tambaye ki ina naki. Kika ce mai matacciyar iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta son sunanta yana yawo. Tun rasuwar kafilinki, mutumin da ya tsaya miki a wajen hukuma, takardunki suka mutu, kowa a unguwa ya sani, kuma babu wanda ya taɓa ɗaga maganar.

Wuri ɗaya ya ƙi yi, wato daren lallen jikar tsohon. An ɗauka, an sake, an kuma sakewa. 'Yan matan sai su fashe da dariya, amaryar wasan kuma ko da albasa ta kasa kuka. Baba ya dinga kallon hoton yana cewa, "Gawa ce, ba ta numfashi." Ya rage cin abinci. Ya daina kunna rediyo da safe.

A watannin nan ne kika ɗauki bikin wata yarinya ta bayan layinmu. A daren lallenta, kakarta, wata tsohuwa da aka shigo da ita a keken guragu, ta ja kan amarya ta ɗora a cinyarta ta fara waƙa. Tsohuwar Hausa ce, ke kanki kin ce ba duka kalmomin kika gane ba. Magana ce a kan yarinyar da za ta sha ruwan rijiyar da ba ta san wanda ya haƙa ba. Amarya tana kuka, gashinta a sake, matan da ke kewaye duk babu lulluɓi, babu mai motsi. Ba a yi wata guda ba tsohuwar ta rasu.

Wannan kaɗai ne ba ki goge ba. Na sani don na sha shigowa in same ki kin kunna shi a hankali, ba kya aiki, kina saurare kawai.

Da fim ya fito, wannan wurin yana ciki.

Ba sai na gaya miki yadda ya bazu ba. Daga waya zuwa waya, Makka, Madina, har Kano da Yamai. Mutane suna kiran Baba suna kuka a waya. Har yau in an yi maganar fim ɗin, wurin lallen ake fara ambata, a ce ba a taɓa ganin wasa mai kama da gaske irin wannan ba.

Mata kuwa ba su daɗe ba suka gane fuskokinsu. Mijin yarinyar yana aiki a tashar jiragen ruwa, kuma a wayar abokin aikinsa ya fara ganin gashin matarsa. Ya mayar da ita gidansu da takarda. Bukukuwan da aka riƙe ki dominsu duk aka fasa ba ki aikin. Matan da suke shan shayinki suka koma tsallaka titi in sun hango ki. Ba wanda ya tsallaka wa Baba titi. Maza suna cewa shi ai bai taɓa shiga ɓangaren mata ba.

Ranar da aka kama ki ina makaranta. Na dawo na tarar da shinkafa a kan wuta an kashe ta ba ta dahu ba. Wani ya kai rahoton takardunki. Har yau ana nuna gidaje daban-daban, ni ba na nuna kowanne. Khala ce ta kai miki jaka gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ta ce kin hana a kawo ni. Zan faɗi gaskiya a kan Baba: ya yi ta yawo wajen masu hanya har ƙafarsa ta kumbura, na kuma ga ya durƙusa wa mutumin da bai kai shi shekaru ba. Bai yi amfani ba.

Tun daga nan nake kallon finafinan gidanmu guda biyu. Khala ta ce satar wurin lallen Baba ya yi, ranar da kika tafi wani biki Makka ya buɗe ɗakin baya. In zancensa ya zo bakinta sai ta ce, "Ƙwai ɗaya ya taɓa sakawa, shi ma na kazar maƙwabta, amma har yau bai daina kyarkyara ba." Baba ba ya magana a kanki. Sau ɗaya na ji ya gaya wa wani baƙo cewa babu abin da ya shiga fim ɗin nan bai bi ta hannunki ba.

Na koyi tacewa, Umma. Ba wanda ya sa ni, kwamfutar tana nan, ni ma ina nan. Da na iya, sai na je wurin lallen ina dubawa a hankali ko zan gane hannun wa ke ciki. Hannunki ne. Ke kaɗai kike yankewa daidai lokacin da mutum ya ja numfashi zai fara magana. Amma wannan bai raba gardama ba, don kin riga kin tace shi tun don bikin. Na rufe kwamfutar ban fi yadda na buɗe ta sani ba.

Bayan ƙaramar Sallah wasu matasa masu tattara tarihin tsofaffin unguwanni suka zo gida. Suka ce suna son nuna fim ɗin a babban allo, a tsakar wani tsohon gida kusa da Bab Makka a nan Jidda, Baba ya zo ya yi jawabi. Yanzu ba kamar da ba, silima ta dawo ƙasar nan, ana neman irin waɗannan. Ban taɓa ganin Baba ya yi farin ciki haka ba tun tafiyarki. Ya sa aka wanke masa farar tobinsa, doguwar rigarsa, tun saura makonni. Sai dai ciwon sukari ya cinye masa ido, haske da duhu kawai yake rabewa sosai. Ya ce in gyara hoton, in sa fassarar Larabci a ƙasa, in kai musu.

Na gyara komai na tsaya a wurin lallen. Na tuna girman allon da suka ce. Na gaya wa Baba ina ganin a cire shi. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "In kika cire wannan me ya rage? Halas, ya binti, duniya ta riga ta gani."

Yarinyar nan, amaryar daren lallen, wadda yanzu babbar mace ce, tana zama a rumfar yadin mahaifiyarta a Bab Makka. Ba ta sake aure ba. Na san rumfar tun da daɗewa, kullum ta wani layin nake bi. Wata Asabar da la'asar na ce wa Baba zan sayo zare. Na wuce ta gabanta, na dawo, na sake wucewa, har ita ta gaji ta kira ni. Ta ce, "Ke 'yar mai kyamara ce, hancin nan ba ya ɓuya. In yadi kika zo saye ki zaɓa. In yafiya kika zo nema, ba ke kika ci amanar ba."

Na gaya mata za a nuna fim ɗin a allo mai girman bango. Rabi da Hausa na faɗa, rabi da Larabci. Ta ci gaba da ninke wani yadi mai ruwan toka, ta warware, ta sake ninkewa. Wata mata ta zo ta taya abaya ta tafi, ita ba ta ko ɗaga kai ba.

Can ta ce filash ɗin bikinta mijin ya farfasa shi ranar da ya kore ta. Ta ce, "Muryar kakata babu ita ko'ina a duniya sai a fim ɗin ubanki. In kewarta ta dame ni sai in kunna wurin, in kife wayar a kan katifa, in saurara." Ta ce fuskar tata ce, ba ta ba kowa ba. Waƙar kuwa ba tata ba ce balle ta hana.

Da zan tafi ta ƙara wata magana da ban tambaye ta ba. Ta ce kin je ƙofar gidansu da tsakar rana kin durƙusa, mahaifiyarta ta ƙi buɗewa, ita tana kallonki ta taga har aka kira la'asar. Ta ce ba ki ce ke ce ba, ba ki ce ba ke ba ce. Ban taɓa sanin kin je ba, Umma. Na yi tafiya daga Bab Makka har wajen motocin haya ban san ta inda na bi ba, zaren ma ban saya ba.

Na dawo na yi abin da take yi da wayarta. Na cire hoton wurin lallen gaba ɗaya, na bar allo baƙi, na bar waƙar tana tafiya daga farkonta har ƙarshe. Ban gaya wa Baba ba. A haka na kai wa matasan fim ɗin.

An nuna shi bayan magariba. Tsakar gidan ta cika, Larabawa da 'yan unguwarmu, maza da mata, har da 'yan jami'a masu rubuce-rubuce a waya. An ajiye Baba a kujerar gaba, ni ina gefensa don in riƙe masa hannu in zai tashi. Na ga tashar jiragen ruwa a jikin bango, na ji tarin tsohon nan, na ji kamar ina zaune a ƙasa da littafina, in na ɗaga kai zan ga bayanki.

Da aka zo wurin, bangon ya yi baƙi. Wani daga baya ya ce a gyara na'ura. Wasu yara suka fara fito. Sai muryar tsohuwar ta fito, kowa ya yi tsit. A cikin duhun ana jin abin da ban taɓa lura da shi ba: ƙarar awarwaro, da shessheƙar amarya, da wata mata tana cewa a hankali a ba ta ruwa. Wata tsohuwa a bayana ta fara bin waƙar ƙasa-ƙasa, ta san duk kalmomin.

Baba bai juyo ba. Carbinsa ya tsaya a hannunsa, shi ke nan abin da na gani.

Da aka kunna fitilu na kama hannunsa na kai shi gaba. Saurayin da ke gabatarwa ya ce ya taɓa ganin fim ɗin a waya, amma wannan duhun sabo ne, kuma a ganinsa shi ne abu mafi ƙarfi a aikin duka. Ya tambayi Baba me ya sa ya yanke wannan shawara. Baba ya juya kansa wajen da yake zaton nake tsaye, ba nan nake ba, na koma gefe. Sannan ya ce da Larabci, "Akwai abin da bai kamata ido ya gani ba. Na daɗe da sanin haka." Aka tafa sosai, wasu har da miƙewa. Ni ma na tafa, Umma, don mutane suna kallona.

Muka hau mota muka koma gida.

Washegari da safe ina ɗiga masa maganin ido, kansa a jingine da bango, idonsa a sama, sai ya yi magana kamar da rufin ɗaki yake. Ya ce ya tambaye ki. Ya ce ya je bakin ƙofar ɗakin baya ya ce miki a sa wurin tsohuwar, ba wanda zai gane, hoton zai wuce da sauri. Na tsaya da kwalbar a hannuna, na tambaye shi me kika ce. Ya ce, "Shiru ta yi. Mace in ta yi shiru ai ta yarda." Maganin ya gangaro masa har gemu, na goge. Ya ce in ɗiga ɗaya idon.

Tun ranar ba ya yi mini magana sai ta dole: abinci, magani, ƙofa. Bai zage ni ba, bai gode mini ba. Ban san wanne na fi tsoro ba.

Da matasan suka dawo suka ce za su ajiye fim ɗin a wajensu, su riƙa nuna shi a wasu garuruwa, sai suka lura babu sunan mai tacewa. Suka tambayi Baba. Ya ce, "Ku tambayi Nawal," ya tashi ya laluba bango ya shige ɗaki. Na ce su ba ni lokaci. Sun ce za su jira har ƙarshen wata.

Ga inda na tsaya. In na ba da sunanki, duk macen da ta tsallaka miki titi za ta ce to ga shi a rubuce, ita ce. In ban bayar ba, aikin da ya fi kowanne a rayuwarki zai ci gaba da yawo gari-gari da sunan mai kawo ruwa, babu naki. Khala ta ce in sa, da manyan baƙaƙe, ya ji haushi. Amma Khala fushinta take so a rubuta. Na rubuta sunan a kwamfuta na kalle shi a kan baƙin allo, ya yi kyau ƙwarai, sannan na goge. Ba nawa ba ne.

Umma, ba bayani nake nema ba. Na daina son sanin wanne ne gaskiya a cikin labaran biyu. Ina ganin akwai wani na uku da ke wajenki, kuma in ba kya son faɗa, ki riƙe abinki. Ina aji huɗu kika tafi, ga ni a shekarar ƙarshe ta sakandare, kuma har yau ban samu ranar da na ji haushinki ta kai yamma ba.

Na yi tsawo. Ƙusar da kike rataye abaya yanzu daidai kafaɗata take. Na iya miyar kuka, sai dai Baba ya ce tana yin ruwa. A ɗakin baya nake kwana, na'urar sanyin ta mutu gaba ɗaya, fanka na sa. Ina riƙe da karatuna kamar yadda kika ce, ban da takardar nan ɗaya da na miƙa babu komai. Wani lokaci in na dawo makaranta na sa makulli a ƙofa, sai in ɗan jira kafin in murɗa. Ban san me nake jira ba.

Allah ya tsare ki a inda kike. Allah ya ba ki maƙwabtan da za su amsa sallamarki. Ya jiƙan tsohuwar nan mai waƙa, ya musanya wa jikarta da alheri, ya rufa wa matan da ke cikin hoton nan asiri duniya da lahira. Allah ya sauƙaƙa wa Baba ciwonsa, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. In akwai naki a ciki, ya yafe miki. Ya haɗa fuskokinmu tun muna da rai, in kuma bai ƙaddara ba, ya haɗa mu a inda ba a tambayar takarda. Amin.

'Yarki,
Nawal
Waziriyya, Jidda

Na sa hannu na ga akwai abin da na kasa rubutawa a sama. Ba sai kin amsa a nan ba, kalma ɗaya ta bakin Khala ta ishe ni. In ƙarshen wata ya zo ban ji komai ba, zan ce musu su bar wurin sunan haka, kuma ba zan ƙara damunki ba. Ni ba zan ɗauki shirunki a matsayin yarda ba.

Ko da amsarki a kan sunan a'a ce, Umma, kin yarda in sake rubuto miki?